Hoton hagu da na dama ba ɗaya ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka hotuna biyun nan da ake jerawa don kallon 3D, wato kallo mai nuna zurfi, hoto ɗaya ne aka wanke sau biyu. Ina! Miƙa babban yatsanka, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle gefe, bangon da ke can baya kuwa da ƙyar zai gusa. Tsakanin idanunmu akwai kusan santimita 6.5, kyamarar da ke ɗaukar hotunan ma idanu biyu gare ta masu irin wannan tazara. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke auna nisa, kamar yadda masanin kimiyya Charles Wheatstone ya nuna a Ingila a 1838. Da hotunan kwafin juna ne, ba za a ga zurfi ba sam. In kuwa aka musanya su, na nesa sai ya dawo kusa.