Ƙananan hukumomin jihar Maraɗi da sauyin yanayi

Matakan da ƙananan hukumomin jihar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, suke ɗauka game da sauyin yanayi sun ƙunshi kare itatuwan gona, farfaɗo da ƙasar da ta mutu, tsare burtalan dabbobi, sa ido kan ƙarancin cimaka, da agajin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. A ƙasashen Turai da Ostareliya an saba jin majalisar gari ta zauna ta zartar da ƙuduri cewa yanayi ya shiga halin gaggawa. Majalisar Darebin da ke birnin Melbon na Ostareliya ce ta fara yin haka a watan Disamba na 2016, garuruwa masu yawa suka bi sahunta. A Maraɗi al'amarin ya biyo ta wata hanya dabam, domin fari da yunwa sun riga ƙananan hukumomin zuwa da shekaru masu yawa, kuma mafi girman abin da aka cim ma manoma da masu gari ne suka fara shi tun kafin a zaɓi magajin gari a karkara.

Ƙasa da ruwa

Jihar tana da faɗin murabba'in kilomita kusan 41,800, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutane kimanin miliyan 3.4 a cikinta, wato mafi cunkoson karkara a ƙasar in aka dubi kudancinta. An raba ta gunduma takwas, Agiye, Barmo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Runji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, sai birnin Maraɗi mai da'ira uku. Ruwan sama yana raguwa daga kudu zuwa arewa: wajen Madarunfa ana samun milimita 600 ko kusa da haka a shekara mai kyau, a Barmo kuwa da wuya ya kai rabin wannan. Gulbin Maraɗi yana shigowa daga ƙasar Katsina ya sake komawa Najeriya, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a wajajen 1990 manoman fadama suke kukan cewa ruwansa ya ragu, ya kuma daina zuwa a lokacin da aka saba. Gulbin Kaba da kwarin Tarka busassun kwaruruka ne, ruwansu a ƙarƙashin ƙasa yake.

Tarihi

Birnin Maraɗi na yanzu ambaliya ce ta kafa shi a inda yake. Tsohon garin a cikin fadamar gulbi yake, a ƙarshen daminar 1945 ruwa ya cinye shi, sai hukumar Faransawa ta ɗauke mutane ta hau da su tudu a shekarar da ta biyo baya, aka zana tituna miƙaƙƙu waɗanda har yau su ne ƙashin bayan garin. Wannan ne babban matakin hukuma na farko da tarihin garin ya riƙe game da bala'in ruwa, ko da yake umarni ne daga sama, ba shawarar mazauna ba.

Yunwa kuwa tana da sunaye a bakin tsofaffi. Ana tuna Kakalaba ta wajajen 1913 zuwa 1914, ana tuna farin da ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa wanda Maraɗi ta yi suna da shi, ana kuma tuna El Buhari ta 1984, wadda aka laƙaba wa sunan shugaban Najeriya na lokacin saboda ta zo daidai da rufe iyaka. A watan Mayu na wannan shekara ta 1984, a zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da gurgusowar hamada a birnin Maraɗi, abin da aka tsayar ya zama ana kiransa alkawarin Maraɗi. Taron ya ɗora nauyi a kan dashen itace: kowane gari da kowace ma'aikata su keɓe fili su dasa. An dasa da yawa, musamman dogon yaro, amma kaɗan ne ya rayu a daji, domin iska da rairayi da awaki da gara sun fi ƙarfin ɗan tsiron da aka raino a leda, sannan ba wanda yake ganin itacen nasa ne balle ya sha wahalar ban ruwa.

Matsalar mallaka tana da tushe a doka. Tun zamanin Faransawa, har zuwa dokar daji ta 1974, itatuwa irin su gawo suna cikin jerin waɗanda aka hana taɓawa, kuma ma'aikacin gandun daji yana iya cin tarar manomi a kan reshen da ya sare cikin gonarsa ta gado. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara. Ga kuma koyarwar malaman gona ta wancan lokaci, wadda take ɗaukar gona fes, marar kututture, a matsayin alamar manomin kirki.

Sassaben zamani

Abin da ya juya lamarin shi ne dabarar da ake kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a wajajen 1983 cewa ƴan sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai waɗanda saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa. Maimakon a sare toho duka a ƙone, sai manomi ya zaɓi biyu ko uku ko biyar mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su shekara bayan shekara har su zama itace. Ba a buƙatar gandun raino, ba ban ruwa, ba kuɗi, sai adda ko gatari. Manoma ƙalilan ne suka yarda da farko, aka kuma yi ta yi musu dariya. Yunwar 1984 ce ta yaɗa dabarar, saboda an haɗa ta da rabon abinci a madadin aiki a garuruwa wajen ɗari. Rahotannin shirin sun ce da rabon ya ƙare an sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka bari, sai dai waɗanda suka riƙe nasu sun ga itacen girki da harawar dabbobi da gero mai kyau a inuwar gawo, maƙwabta suka koma suna kwaikwayo ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba.

Binciken da aka yi da hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam a tsakiyar shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa kadada wajen miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kimanin miliyan 200. Masana sun saɓa kan rabon yabo tsakanin dabarar, da dawowar ruwan sama bayan shekarun 1980, da raunin da ma'aikatar daji ta yi lokacin da baitulmali ya bushe. Wasu kuma suna cewa barin toho tsohuwar al'adar manoma ce da aka farfaɗo. An ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018.

Abin da ya shafi mulkin gari a nan shi ne kwamitocin tsaro. Itacen da aka raina yana jawo ɓarawon dare da makiyayin da zai sassaƙe shi, don haka garuruwa suka kafa nasu dokoki. Ɗan Saga, a gundumar Agiye, shi ne wanda aka fi ambata: kwamitinsa ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, yana zagaye gonaki, yana sanya tara, yana kai mai taurin kai gaban mai gari. Wannan tsari, da taimakon ayyukan FIDA, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bazu zuwa garuruwan kewaye. Doka ta biyo baya a hankali: kundin dokar karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 wadda ta tsara sassaben zamani ta kuma tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar itacen da ya raina.

Kafuwar ƙananan hukumomi

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasa a watan Yuli na 2004, aka kafa 265, kowace da majalisa da magajin gari, sarakuna kuma suna zama a majalisar a matsayin masu ba da shawara. Ba su yi shekara guda ba sai ga matsalar abinci ta 2005, wadda Maraɗi ta zama cibiyarta. Abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai shi ne yaran da tamowa ta fi kamawa suna cikin kudancin jihar, rumbun hatsin ƙasa, inda gero yake a kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Bayan wannan aka sauko da aikin sa ido zuwa ƙasa: a kowace ƙaramar hukuma a samu ofishin bin diddigin halin rayuwa a ƙarƙashin magajin gari, a rukunin garuruwa kuma a samu kwamitin gargaɗi wanda yake kawo labarin farashin tiya, cutar dabbobi, ɓarnar fara da tsutsa, da yawan masu tafiya ci-rani kafin lokacinsu. An yi zaɓe kuma a 2011 da Disamba na 2020. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi iko a fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli.

Ayyuka

Kowace ƙaramar hukuma tana rubuta tsarin raya ƙasa na shekara biyar, kuma majalisar kula da muhalli ta ƙasa, CNEDD, wadda aka kafa a 1996, ta fitar da jagora don a shigar da sauyin yanayi cikin wannan tsari. A aikace abin da ake gani shi ne haƙar ramuka masu siffar rabin wata da ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa a faƙo don su tare ruwa, bankunan cimaka, lambunan rani, rabon irin gero mai saurin nuna wanda cibiyar binciken noma ta Tarna take da hannu a samar da shi, da tumɓuke garmani, ciyawar da dabba ba ta so wadda ta mamaye makiyaya da burtali. A Dakwaro, tun wajajen 2010, an gwada ba garuruwa ma'aunin ruwan sama da tara manoma kafin damina a karanta musu hasashe da Hausa.

Burtali ya fi sauran ayyuka nauyi. Dokar 1961 ta ja iyakar noma a arewa, amma gonaki sun tsallake ta tuni, kuma kisan da aka yi a ƙauyen Toda, a rikicin manoma da makiyaya, a watan Oktoba na 1991, inda Fulani fiye da ɗari suka rasu, yawancinsu mata da yara, ya sa aka ɗauki shata hanyoyin dabbobi da muhimmanci. Kwamitocin kula da filaye na gunduma da na ƙaramar hukuma da na gari su ne suke kafa turakun siminti, su rubuta takardun gona, su kuma taimaka wajen tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi.

A birni aikin ya fi karkata ga yashe magudanan ruwa kafin damina. Dokar 2014 ta hana ledar da ba ta ruɓewa, amma ledar tana nan a kasuwa da cikin magudanan.

Kuɗi

Harajin da ƙaramar hukumar karkara take tarawa kaɗan ne, kuma yana faɗuwa a daidai shekarar da fari ya sa aka fi buƙatarsa. Yawancin ayyukan da aka lissafa a sama da kuɗin ƙungiyoyi da bankunan waje ake yinsu.

Ambaliyar 2024

Tun shekarun 2010 ambaliya ta zama bala'in da yake dawowa kusan kowace damina, tare da kwalara a wasu shekaru, kamar wadda ta ɓulla a Madarunfa a 2018. A ranar 4 ga Afrilu 2024 hukumar soja ta Janar Abdurahaman Tiani, wadda ta karɓi mulki a Yuli na 2023, ta rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari, don haka su ne suka tarar da damina mafi muni a tarihin kwanan nan. A ranar 30 ga Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya zuba a birnin Maraɗi cikin abin da bai kai awa biyu ba, gidajen ƙasa suka rushe, hukumomi suka sanar da rasuwar mutum 15. A ƙasa baki ɗaya mutum kusan 400 suka rasu a wannan damina, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma Maraɗi tana cikin jihohin da suka fi asara. An tsugunar da iyalai da yawa a azuzuwan makarantu, abin da ya sa gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.