Ba Siminti Ne Ya Riƙe Gadar Alkantara Ba

An daɗe ana cewa wani sirrin siminti ne ya riƙe gadojin Rumawa. Gaskiya suna da kankare, amma gadar Alkantara da ke kan kogin Tagus a Sifaniya, wadda aka gama a shekarar 106 miladiyya, tun asali an jera duwatsun bakunanta shida (ginin da ya lanƙwasa kamar baka tsakanin ginshiƙai) ne babu kwaɓi.

Kowane dutse an sassaƙe shi, sama faɗi, ƙasa tsuke. Kan firam ɗin katako ake jera su, sai baka ya rufe a cire katakon. Nauyi na matse su, ya gangara ginshiƙai. Haɗarinta ruwa ya zaizaye tushe. Ginshiƙi na gocewa, baka ya buɗe.

Ku nemi hotonta ku ƙara girmansa: layukan haɗin duwatsun duk tsakiyar baka suke fuskanta. A tura wa 'yan'uwa.