Galahanga: wacce daga ciki ake nufi?

Ranar 21 ga Maris masu gabatar da shirye-shirye a rediyo kan ce yau ranar masu galahanga ce ta duniya. Bayan kwana 12, ranar 2 ga Afrilu, sai ka ji wata ranar galahangar kuma. Ta farko ta masu larurar Down ce, ta biyu ta masu otizim. Wasu ma har yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, ya kasa zama ko tafiya, duk galahanga suke ce masa. An zuba larura uku a buhu guda an ɗaure.

Ita Down a fuska ake ganinta, kuma ƙari ne a ƙwayar gado ta 21. Otizim kuwa ba ya nunawa a fuska. Yaro ne sumul, yana gudu yana hawa katanga, amma ka kira sunansa ba zai waiwayo ba, ba ya haɗa ido da kai. Zai wuni yana jera murafan kwalba a layi, ka gusar da ɗaya gidan ya kaure da ihu. A tayar da injin markaɗe ya toshe kunnuwa. Wani ba ya magana sam, wani yana yi tiryan-tiryan.

A Amurka CDC, hukumar gwamnati mai sa ido kan cututtuka, na bin bayanan yara 'yan shekara 8. Rahotonta na 2025 ya ce 1 cikin 31 na da otizim. To a ce gwamnati ta tashi yin irin wannan binciken a Kaduna. Ma'aikaciya ta yi sallama wani gida a Tudun Wada: "Hajiya, akwai mai galahanga a gidan nan?"

"Allah Ya kiyaye. Ɗan autana dai iska ce ke damunsa."

Shi ke nan, an rubuta babu. Alhali uwar nan ta ƙarar da kuɗin adashinta a rubutu da hayaƙi, ta daina zuwa biki da suna saboda ba mai riƙe mata shi, makarantu sun dawo mata da shi, dangin miji na cewa ita ta sangarta shi, ita kuma tana zargin kishiya. Ban ga laifinta ba. Galahangar da ta ji a rediyo ba ta yi kama da ɗanta ba, to me zai kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a duba shi?