Waiwaye: Tun yaushe tace mai ya wuce dafawa kawai?

Duk lokacin da farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai muhawara ta dawo: ta yaya ƙasa mai arzikin ɗanyen mai za ta riƙa sayo tatacce daga waje? Da yawa na ganin ai tacewa dafawa ce kawai. Da can haka ne, amma an bar wannan zamani sama da shekara ɗari.

Bayan Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa ta mai a Amurka a 1859, kananzir ɗin fitila ake nema. Fetur kuwa shara ne, a zubar ko a ƙone. Da lantarki ya rage wa fitila kasuwa, motoci kuma suka yawaita daga 1908, sai abin da aka raina ya zama shi ake rububi.

Matsalar ita ce dafawa ba ta ƙara komai, rabawa kawai take yi. In an zafafa ɗanyen mai, a cikin doguwar hasumiyar matata iskar gas ke hawa can sama, sai fetur, kananzir, dizal, baƙin mai da kwalta su kwanta a ƙasa. Fetur ɗin da ake samu ta wannan hanya kusan kashi ɗaya cikin biyar ne.

Nan ne juyin da ba a cika ambata ba. A 1913 masanin sinadarai Ba'amurke William Burton ya yi rajistar dabarar farfasa ƙwayoyin mai masu nauyi da tsananin zafi da matsi, fetur ya ninka. A 1937 Bafaranshe Eugène Houdry ya shigo da sinadari mai hanzarta fasawar, sai dai cikin mintuna baƙar dauɗa ke lulluɓe shi, dole a ƙone ta. A 1942 aka mayar da sinadarin gari mai laushi, yana kwarara kamar ruwa tsakanin ɗakin fasawa da ɗakin ƙona dauɗa, dare da rana ba tsayawa. Da irin wannan ne matatun Amurka ke fitar da kusan rabin ganga mai lita 159 a matsayin fetur.

A ganina tushen maganar ke nan. Gina irin wannan matata kan ci shekaru da biliyoyin daloli, ana tsara ta daidai da nau'in ɗanyen man da za ta sarrafa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an kashe ta an yi mata garambawul. In aka yi sakaci da gyaran har sashen fasawa ya tsaya, hasumiya na iya ci gaba da tafasa, amma fetur ɗin da za ta bayar ba zai kai ko'ina ba.