Waiwaye: Yadda Amurka ta daɗe tana ja-in-ja kan sauraron rediyon 'yan sanda

A shekarar 1928 'yan sandan birnin Ditiroit suka fara aika wa motocin sintirinsu saƙo ta rediyo. Tashoshin 'yan sanda na wancan zamani suna daf da zangon da ake kama labarai, don haka magidanci na iya murɗa akwatinsa ya ji inda aka fasa shago. Dokar Sadarwa ta 1934 ba ta toshe kunnen kowa ba, abin da ta hana shi ne a yaɗa abin da aka tsinta ko a ci riba da shi.

Jihohi ne suka fi tsanantawa, kuma damuwarsu mota ce. A Niyok, Filorida, Indiyana, Kentaki da Minesota laifi ne a sa sikana, wato na'urar sauraron rediyon 'yan sanda, a mota ba izini, kodayake akan ɗaga wa masu lasisin rediyon sha'awa (masu aika wa juna saƙon rediyo don sha'awa kawai) ƙafa. Dalilin a fili yake: ɓarawon da ke jin oba-oban masu binsa ya san kwanar da zai kauce wa.

Wayar salula ce ta jawo Majalisar Dokokin Tarayya cikin lamarin. Wayoyin farko ba su ɓoye murya, sikana da dama na kama hirar mutane. Dokar 1986 ta haramta sauraron irin wannan kira, amma ta bar tashoshin 'yan sanda a buɗe. Daga 1994 aka hana ƙera ko shigo da na'urar da ke kama zangon salula. Tsofaffin na'urori dai suna hannun jama'a: a ƙarshen 1996 wasu ma'aurata a Filorida suka naɗi hirar Shugaban Majalisar Wakilai Newt Gingrich daga cikin motarsu, aka ci kowannensu tarar dala 500.

Daga baya manhajar waya ta wadatar wajen sauraron 'yan sanda. Bayan harin gudun yada-ƙanin-wani na Boston a 2013, dubban mutane sun bi farautar maharan ta intanet, wasu kuma suka yaɗa sunayen waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Sai rundunoni suka koma kulle maganganunsu ta yadda sai rediyonsu kaɗai ke warwarewa. Rundunar birnin Denba ta yi haka a 2019, ta Shikago ta sa jinkirin minti 30 kafin jama'a su ji maganganunta, ta birnin Niyok ta fara da yankin Burukilin a 2023. A ganina nan gizo ke saƙar: abin da majalisa ta ƙi haramtawa shekaru da dama, rundunar 'yan sanda ta rufe shi da sayen sabbin na'urori, 'yan jarida kuma suka koma jiran sanarwar kakakin rundunar da suke sa wa ido.