Duba rufin kwano kafin damina

Duba rufi shi ne binciken da mai gida ke yi da kansa don gano yoyo, tsatsa, sakakkiyar ƙusa ko ɓarnar gara tun kafin a kira kafinta. A Bauchi da Gombe lokacinsa shi ne Maris zuwa Afrilu, domin ruwan farko, wanda kan sauka a Afrilu ko Mayu, da iska mai ƙarfi yake zuwa, kuma ita ce ke yaye rufi, ba ruwan Agusta ba. Mafi yawan aikin ba ya bukatar a hau sama.

Daga ƙasa ake farawa. A zagaya gidan da safe, a jawo hoton rufin kusa da kyamarar waya, a duba bakin kwanon da ya ɗaga, da hular da ta rufe tsororuwar rufi, da indararon da ganyen dalbejiya ya toshe. Jan layin tsatsa da ya gangaro daga ƙusa alama ce ta ruwa na shiga nan.

Cikin silin ya fi bayar da labari. A leƙa ta ƙofar silin da hantsi, kafin zafi ya taru, a kashe tocila: duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, huda ce. Tabon da ke jikin silin kan yaudari mutane, don ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, sai a nemi hudar sama da tabon. A caki rafta da sukundireba. In ta nutse ko gari ya zubo, gara ta cinye cikin. A tabbatar langa-langa ko rodin da ya ɗaure katako da bulo bai tsinke ba, shi ke riƙe rufin gaba ɗaya. Katako kaɗai ake takawa, allon silin ba ya ɗaukar mutum. A yi hattara da wayar wuta da gidan rina.

Ƙusa ce tushen yawancin yoyo. Kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, a hankali ƙusa ta saki, ramin ya faɗaɗa. A tudun kwano ake bugunta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Kafinta mai gaggawa ne ke yin akasin haka. Inda falle ya hau kan falle, kada haɗin ya gaza santimita 15.

In hawa ya zama dole, a jingina tsani yadda kowace mita 4 ta tsayi za ta samu tazarar mita 1 daga bango, kansa ya zarce bakin rufi da mita 1, wani kuma ya riƙe gindinsa. Ba a hawa kwano jiƙaƙƙe, ko da raɓa, ko a tsakar rana, ko kusa da wayar da ta shigo da wuta. A taka layin ƙusoshi, nan katako yake. Rufin asbestos ba a taka shi sam, yana fashewa ba zato, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu. Gidan bene da rufi mai tsananin gangara aikin masu sana'a ne.

Ƙaramar huda ana goge ta, a bari ta bushe, a manna mata ƙyalle mai kwalta. Falle da tsatsa ta cinye sai canji, kuma ana sayar da shi ɗai-ɗai, ba lallai a sayi bandir mai falle 20 ba.