Wasiƙun John Adams da Thomas Jefferson

Wasiƙun John Adams da Thomas Jefferson su ne takardun da shugaban Amurka na biyu da na uku suka riƙa aika wa juna daga shekarar 1777 har zuwa 1826, shekarar da suka rasu. Cikin takardun da magabatan Amurka suka bari, kaɗan ne ake daraja su kamar waɗannan, musamman wasiƙu 158 na ƙarshe da suka rubuta bayan kowa ya sauka daga mulki. Adams ne ya rubuta 109 daga ciki, Jefferson kuma 49.

Farkon abota

Mutanen biyu sun haɗu a Filadelfiya a 1775, wajen taron wakilan yankunan da ke jayayya da Ingila. Adams lauya ne daga Massachusetts, mai zafin rai da son gardama. Jefferson kuwa mai gonaki ne daga Virginia, mai kawaici, wanda ya fi ƙarfi a alƙalami fiye da baki. A 1776 suna cikin mutum biyar da aka ɗora wa shirya takardar shelar 'yancin kai. Daga baya Jefferson ya zama jakada a Paris, Adams a Landan, kuma wasiƙun wancan lokaci galibinsu na aiki ne: bashin da ake nema wurin masu bankin Holan, harkar ciniki, da jiragen ruwan Amurka da ake kamawa a gaɓar Arewacin Afirka. A 1786 sun gana da jakadan Tarabulus a Landan, ra'ayinsu ya rabu. Adams yana ganin biyan masu kama jiragen kuɗi don su daina ya fi sauƙi, Jefferson ya fi son a kafa rundunar ruwa.

Ɓatawa da sulhu

Siyasar jam'iyya ce ta shiga tsakaninsu. Adams ya kayar da Jefferson a zaɓen 1796, Jefferson ya rama a 1800 bayan yaƙin neman zaɓe mai cike da ɓatanci. Ranar 4 ga Maris 1801 Adams ya bar birnin Washington da asuba, bai tsaya bikin rantsarwa ba. Daga nan aka yi shekara kusan goma sha ɗaya babu wasiƙa tsakanin su biyun. A 1804 matar Adams, Abigail, ta rubuta wa Jefferson ta'aziyyar 'yarsa Mary, amma maganar ta koma tonon tsohuwar gaba, ta mutu a nan.

Wanda ya ɗinke ɓarakar shi ne likita Benjamin Rush na Filadelfiya, abokin su biyun, wanda ya daɗe yana lallashin kowane ɓangare. Ranar 1 ga Janairu 1812 Adams ya aika gajeriyar wasiƙa zuwa Monticello, gidan Jefferson, ya ce ya haɗo masa da ƙyalle biyu na saƙar gida. Jefferson ya ɗauki zancen a zahiri, ya ba da amsa mai tsawo kan yadda ake kaɗi da saƙa a Virginia. Da ƙunshin ya iso, ashe littattafai ne guda biyu na laccocin ɗan Adams, John Quincy Adams.

Abin da suka tattauna

A watan Yuli 1813 Adams ya rubuta cewa bai kamata su mutu ba sai kowa ya bayyana wa ɗan'uwansa kansa. Wannan magana ita ce ƙashin bayan duk abin da ya biyo. Sun yi zancen addini, falsafar Girkawa, asalin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka, juyin juya halin Faransa da Napoleon, da tsufa da baƙin ciki. Adams yakan jero wasiƙu da yawa kafin amsa ɗaya ta zo, yana tsokana, yana tsalle daga wannan batu zuwa wancan. Jefferson yakan natsu, ya tsara maganarsa, ya kauce wa abin da zai tayar da husuma.

Muhawara mafi zurfi ita ce ta 1813 kan waɗanda suka cancanci mulki. Jefferson ya ce akwai manya na gaskiya, masu nagarta da hazaƙa, akwai kuma na bogi, waɗanda dukiya da gado suka ɗaukaka, kuma idan aka ilimantar da jama'a za su iya tantance su a akwatin zaɓe. Adams bai yarda ba. A ganinsa dukiya, asali da kyawun sura sukan rinjayi ilimi da hali a kowace al'umma, don haka sai an kafa hukumomin da za su taka wa manya burki. Babu wanda ya ja ɗan'uwansa zuwa ra'ayinsa, kuma a nan ƙimar wasiƙun take: abota ta dawo, saɓanin yana nan yadda yake.

Akwai kuma abin da suka kusan yin shiru a kai, wato bauta. Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, Adams bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Sai da rikicin shigar da yankin Missouri cikin tarayya ya taso, kan ko za a halatta bauta a cikinsa, suka ɗan taɓa batun, inda a 1821 Adams ya kwatanta bauta da baƙin hadari da ya daɗe yana rataye a kan ƙasar. Mutanen da suka cika shafuka kan ma'anar 'yanci sun ba wannan lamari layuka kaɗan, kuma wannan gibi ne babba da mai karatu ya kamata ya riƙe a zuciya.

Dukkansu sun rasu ranar 4 ga Yuli 1826, shekara hamsin cif da shelar 'yancin kai. Adams yana da shekara 90, Jefferson 83.

Yadda aka adana su

Wasiƙun sun tsira ne saboda mutanen biyu masu ajiya ne, kuma sun san na baya za su karanta. Jefferson yana da kundin da yake shigar da wasiƙun da suka shigo da waɗanda suka fita, kuma daga 1804 ya riƙa amfani da wata na'ura mai alƙalami biyu da ke yin kwafe a daidai lokacin da yake rubutu. Ya taɓa yi wa Adams kukan cewa a 1820 kaɗai wasiƙu 1,267 suka zo masa.

Gwamnatin Amurka ta sayi babban kaso na takardun Jefferson a 1848, yanzu suna ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington. Na iyalan Adams suna hannun ƙungiyar tarihi ta Massachusetts a Boston. Jami'ar Princeton ta fitar da juzu'in farko na takardun Jefferson a 1950 ƙarƙashin Julian Boyd, sannan Lester Cappon ya tattara wasiƙun mutanen biyu, haɗe da na Abigail, ya buga a 1959. Tun 2013 hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta sa su kyauta a intanet a shafin Founders Online, tare da takardun George Washington, Benjamin Franklin, James Madison da Alexander Hamilton.